Kanwa

kanwa (suna, mace): Ma'adini mai ɗanɗanon gishiri-gishiri da ɗan ɗaci, wanda ake haƙowa a busassun tafkuna, musamman a ƙasar Manga ta Nijar da kewayen Tafkin Chadi. Tun zamanin fatake ake kawo ta kasuwannin ƙasar Hausa, a da a kan raƙuma da jakuna. Akwai fara, akwai ja, akwai kuma ungurnu.

A madafa, ba a jefa ta tukunya da ƙasarta. Uwargida takan jiƙa ɗan gutsure a kofi, ta bari yashin ya kwanta, sannan ta tsiyaye ruwan da ke sama. Wannan ruwan kanwa shi ke sa wake ya nuna da wuri, a huta da ɓarnar itace. Shi ke ƙara wa miyar kuɓewa da ta karkashi yauƙi, ya bar su kore shar, kuma shi ke kashe tsamin yakuwa da tumatir. Da an zuba sai miyar ta taso da kumfa. Ɗanwake kuwa, in ba kuka da kanwa a kwaɓinsa, sai ya watse a ruwan zafi.

Sai dai tana son hannu mai tsoro. In ta yi yawa, wake ya koma jajawur, miya ta riƙa ɗanɗanon sabulu, ciki kuma ya ɗauki ƙugi.

Ana dama wa mai jego kunun kanwa, makiyaya ma suna bai wa shanu ita su lasa.