Musayar Kyauta a Ɓoye Tsakanin Yara 'Yan Makaranta

Gab da hutun Kirsimeti, makarantu da gidajen renon yara da dama a Amurka da Ingila kan shirya musayar kyauta da ake kira Secret Santa. Ana rubuta sunayen 'yan aji a ƙananan takardu, kowa ya zari guda, ya sayo wa mai sunan kyauta ba tare da ya bayyana kansa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne bambancin hali: wani ya kawo abin wasa mai tsada, ɗan talaka ya ji kunyar nasa. Shi ya sa malamai kan ƙayyade farashi, ko su ce littafi kawai za a kawo, su kuma tanadi kyauta domin yaron da aka manta da shi. Makarantu da yawa sun hana kawo abinci mai gyaɗa, domin takan yi wa wasu yara mummunan lahani.