Yadda Aka Zaɓi Filin Abuja Daga Cikin Wurare Da Dama

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi. Ya ce ma'aikatan safiyo sun zo garinsu sun dudduba wurare uku da ake so a yanka filaye a gina gidaje masu yawa: ɗaya a gefen fadama, ɗaya a bakin babban titi, ɗaya kuma can kan tudu bayan gari. Gonarsa ta gado tana cikin ɗaya daga wuraren. Shi ne yake so a bayyana masa yadda hukuma take fifita wani wuri a kan wani, kuma wai shin gaskiya ne da aka zaɓi Abuja daji ne kawai ba kowa a ciki?

To Malam, mun gode da wannan takarda taka. Tambayoyin naka biyu amsarsu ɗaya ce, domin labarin zaɓen filin Abuja shi ne misali mafi girma da muke da shi a Nijeriya na yadda ake jera wurare a auna su kafin a kafa gidaje. Sai ka gyara zama.

A shekarar 1975 birnin Ikko ya cika ya batse. Shi ne hedkwatar Gwamnatin Tarayya, shi ne kuma hedkwatar Jihar Legas, ga tashar jiragen ruwa, ga masana'antu. Teku ya tare shi ta kudu, ga gulabe da fadamu sun kewaye shi, babu inda zai miƙe ƙafa cikin sauƙi. Ma'aikaci kan shafe sa'o'i a cikin cunkoson motoci kafin ya kai ofis. Da Janar Murtala Muhammed ya hau mulki a ƙarshen watan Yuli na wannan shekara, bai ɓata lokaci ba, cikin watan Agusta ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda. Aikin da aka ba su shi ne su duba ko Ikko za ta iya ci gaba da ɗaukar kayan nan biyu, in kuwa ba za ta iya ba, su nemo wurin da ya dace. Cikin 'yan kwamitin har da Dokta Tai Solarin, sanannen malamin makarantar nan, da Alhaji Muhammadu Musa Isma.

Kwamitin ya karɓi shawarwari daga jama'a, kowa na jan ruwa zuwa gonarsa. Cikin wuraren da aka ambata akwai Okene, da Kafanchan, da Makurɗi, da Auchi, da kuma Agege da ke nan bakin Ikko. To, yaya za a yi a raba gardama? Sai suka yi abin da mu da muka taɓa riƙe alli muka sani sarai, watau suka tsara takardar maki kamar ta jarrabawa. Suka ware abubuwa 13 da ake bukata ga wurin, suka raba musu maki 100.

Ga yadda rabon ya kasance. Kasancewar wuri a tsakiyar ƙasa shi ya kwashi kaso mafi tsoka, maki 22. Lafiya da yanayin wuri, maki 12. Wadatar fili 10, ruwan sha 10. Samun hanyoyin shiga ta ɓangarori da yawa 7. Tsaro 6, samun kayan gini a kusa 6, ƙarancin jama'a a wurin 6. Hanyar samun wutar lantarki 5, magudanar ruwa 5. Irin ƙasar wurin 4, sauƙin tsara gari 4. Na ƙarshe, jituwar ƙabilu, maki 3.

Ka ɗauki wannan ma'auni ka gwada da kanka, Malam. Agege tana kusa da komai, amma can ƙuryar kudu maso yamma take, saboda haka tun a tambayar farko ta yi asarar maki mafi yawa. Makurɗi tana bakin Kogin Binuwai, ruwa ba matsala, sai dai duk wanda ya taɓa kwana can da bazara ya san zafinta. Ka ga ke nan tun ranar da aka raba makin an riga an yi rabin zaɓe. Wanda ya ce tsakiyar ƙasa 22 ne, ruwa 10, shi ya nuna inda sikeli zai rinjaya tun kafin a ɗora kaya. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Cikin watan Disamba na 1975 kwamitin ya miƙa rahotonsa. Ran 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala ya yi wa ƙasa jawabi, aka kafa Dokar Soja mai lamba 6, aka keɓe fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga yankunan da suka faɗa cikin jihohin Neja da Filato da Kwara. Kwana goma bayan haka, ran 13 ga wata, aka kashe shi, Allah ya ji ƙansa. Janar Obasanjo ne ya ci gaba da aikin.

Sunan kuwa aro aka yi. Abuja ta asali garin da Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa ne a 1828, bayan jihadi ya fitar da gidansu daga Zariya. Tsohon garin ya bar wa sabon birni sunan, shi kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, yana nan cikin Jihar Neja kusa da Dutsen Zuma.

Yanzu sai tambayarka ta biyu. A'a Malam, ba daji ba ne babu kowa. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, suna nan suna noman doya da dawa tun kaka da kakanni. Akwai Koro, da Gade, da Gwandara, da Ganagana, da Bassa, ga Fulani makiyaya, ga Hausawa 'yan kasuwa. Abin da ya faru shi ne an yi zaton mutanen ba su da yawa, har gwamnati ta yi alkawarin za ta kwashe kowa da kowa ta sake musu matsuguni a wajen yankin da kuɗinta. Da aka tura masana daga Jami'ar Ibadan a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje suka bi ƙauye ƙauye, sai aka tarar da ƙauyuka sama da 800, mutane kuma sun haura 100,000. Kuɗin diyya ya wuce abin da aka yi tsammani nesa ba kusa ba.

Masanan sun gano wani abu kuma da manomi zai fi kowa ganewa. Yankin yana da ƙudan tsando, bakin rafuka kuma akwai wani ɗan baƙin ƙuda mai kawo makanta. In aka kwashe manoma duka, gonaki za su koma kurmi, ƙudajen su ƙara samun wurin zama. Ashe mutanen da aka ɗauka cikas ne ga aikin, noman da suke yi yana cikin abin da ke tsare lafiyar wurin.

Saboda haka a 1978 gwamnati ta canza magana. Aka ce waɗanda ginin birni ya taɓa kai tsaye su ne za a tayar, sauran su zauna inda suke. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse, can kan hanyar Kaduna cikin Jihar Neja. Daga baya aka kai mutanen wasu ƙauyuka, irin su Maitama, zuwa Kubwa. Ƙauyen Garki kuwa birni ya zo ya kewaye shi. Duk lokacin da birnin ya ƙara faɗi sai a sake tayar da maganar, kuma har yau ba a gama da koke-koken 'yan asalin wurin a kan diyya da gonaki ba. Wanda aka ba ɗaki a sabon wuri amma ba a ba shi gona ba, da me zai ci da iyalinsa? Da yawa daga 'ya'yan manoman nan sun koma leburanci da acaba a kan ƙasar da iyayensu suka noma.

Akwai wani lissafin da shi ma bai fita daidai ba. Taswirar birnin da wani kamfanin Amurka ya kammala a 1979 ta yi hasashen mutum miliyan 1.6 kafin shekarar 2000, daga ƙarshe kuma kimanin miliyan 3. Ran 12 ga Disamba 1991 Janar Babangida ya tare a Abuja, ma'aikatu suka biyo shi. To amma magini da direba da masinja da mai sayar da tumatir, ina za su kwana? Kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfinsu. Sai suka bazu zuwa Nyanya, wadda tun asali sansanin ma'aikatan gini ce, da Karu, da Kubwa, da Lugbe, wasu suka tsallaka iyaka zuwa Mararraba da Masaka a Jihar Nasarawa, wasu Suleja da Madalla a Jihar Neja. Gidaje masu ɗimbin yawa sun tashi a wuraren da ba wanda ya zauna ya ba su maki. Duk wanda ya bi hanyar Keffi da sassafe ya ga sakamakon, cunkoson da aka gudo wa a Ikko ya biyo mutane har nan. Tsakanin 2003 da 2007 kuma, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin, an rushe unguwanni da dama da aka ce sun saɓa wa taswira, mutane masu yawa suka rasa muhalli.

Ruwa ma haka. An gina madatsar ruwa ta Usuma don birnin, amma da jama'a suka ƙaru sai da aka janyo ƙari ta bututu daga madatsar Gurara da ke Jihar Kaduna.

Kada ka ɗauka ina cewa zaɓen Abuja kuskure ne. Ɗan Maiduguri da ɗan Sakkwato da ɗan Kalaba duk sun sami sauƙin zuwa hedkwatar ƙasarsu, kuma kwamitin Aguda ya yi abin yabo da ya rubuta ma'auninsa a fili yadda kowa zai iya dubawa. Inda aka yi tuntuɓe shi ne an ba ƙarancin jama'a maki 6 tun ba a ƙirga jama'ar ba, kuma ba a tanadi isasshen wuri ga talakan da zai yi wa birnin hidima ba.

To, mu dawo garinku. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Lokacin yin magana shi ne yanzu da ake kwatanta wuraren nan uku, tun ba a kafa duwatsun shaida ba. Ku haɗu da mai unguwa da dagaci ku je ƙaramar hukuma ku nemi a gaya muku da wane ma'auni ake awon. In an ce fadama ta fi kusa da gari, ku tambaya ina ruwan damina zai bi in an cike ta da gini, kuma ina masu noman rani za su koma. In an ce bakin titi ya fi sauƙi, ku tambaya gonaki nawa ne a wurin, wa ya ƙirga su, yaushe. In tudu ne, ku tambaya ko an haƙa an ga ruwa, kuma wa zai yi hanya. Ku tambayi inda burtali zai bi, da inda za a bar wa kasuwa da maƙabarta. Ku 'yan kasuwa kuma ku lura, inda aka kai gidaje can ciniki zai koma.

Ka san kuma matsayinka a doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma ta ba hukuma ikon karɓar fili don amfanin jama'a. Diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, watau amfanin gona da itatuwa da gini. Dokar ta kuma ce in ƙaramar hukuma ta karɓi gonar da mutum ke nomawa, sai ta ba shi wata a madadinta. Don haka ranar da za a zo ƙirga, ka tsaya a gonarka da kanka tare da shaidu. Ka tabbata an rubuta kowace ɗorawa da kuka da mangwaro da rijiya, ka nemi a ba ka kwafin takardar, kada kuma ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta maka ba.

Da fatan Malam ya gamsu. In an yanke shawara a kan wurin da za a gina, ka sake rubuto mana mu ji yadda aka ƙare. Sauran masu tambayoyi ku ƙara haƙuri, takardunku suna nan a hannu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.