Litiyam ko AGM: Yadda mai babur zai zaɓi batir ɗin da ya dace

Duk lokacin da batir ɗin babur ya mutu, mai shi yakan tarar da nau'i biyu na zamani a kasuwa: na AGM, wanda galibin sababbin babura ke zuwa da irinsa, da kuma na litiyam, wanda ya fi tsada amma ake yaba rashin nauyinsa da daɗewarsa. Dukansu na bolt 12 ne, kuma suna iya shiga gurbi ɗaya. Sai dai abin da ke raba gardama shi ne lafiyar na'urar cajin babur ɗin da kuma irin aikin da ake yi da shi kullum.

Abin da ke cikin kowanne

Batir ɗin AGM jika ne ga batir ɗin dalma da ruwan asid da Bafaranshen nan Gaston Planté ya ƙirƙiro a shekarar 1859. Bambancinsa da tsohon batir mai murafu shi ne, ruwan ba ya kwance a ciki. An tsotse shi a cikin wata shimfiɗa ta zaren gilashi da ke tsakanin farantan dalmar. Saboda haka ba ya zuba ko da babur ya faɗi, yana jure gargadar hanya, kuma ba a ƙara masa ruwa. Ɗakuna shida gare shi, kuma idan ya cika yakan nuna bolt 12.6 zuwa 12.8.

Na litiyam da ake sa wa babur kuwa, yawanci shi ne wanda ake rubuta LiFePO4 a jikinsa, haɗin da masu bincike ƙarƙashin John Goodenough suka gano amfaninsa a Jami'ar Texas ta Amurka a tsakiyar shekarun 1990. Ya bambanta da batir ɗin wayar salula, domin bai kai shi saurin kama wuta ba. Ɗakunansa huɗu ne, kowanne bolt 3.2, kuma nagarinsa na ɗauke da ɗan allon lantarki da ake kira BMS, mai katse wuta idan caji ya yi yawa ko ya yi ƙasa ainun.

Inda litiyam ya fi

Nauyinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na takwaransa na dalma ba. Yana juya sitata da ƙarfi, yana cika da wuri, kuma ba ya saurin zubar da cajinsa idan an ajiye shi. AGM kuwa, idan ya zauna makonni ƙasa da bolt 12.4, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantansa, ya rage masa ƙarfi har abada. Don haka mai babban babur da ke hawa jefi-jefi ya fi kowa cin moriyar litiyam.

Babban rauninsa da ake faɗa a Turai, wato kasala a lokacin tsananin sanyi, bai cika shafar Najeriya ba, domin ko a Jos da tsaunin Mambila da wuya sanyi ya kai na daskarar da ruwa.

Inda AGM ya fi

Na farko shi ne kuɗi, domin litiyam mai inganci yakan ninka farashin AGM sau biyu ko fiye. Na biyu shi ne haƙuri. AGM yana iya jure ɗan hawa da saukar wuta, alhali litiyam ba ya son cajin da ya haura kimanin bolt 14.6, kuma idan aka tatse shi ƙarƙaf, ɗakunansa na iya lalacewa a karo ɗaya.

Na uku shi ne yawan wutar da ke ajiye a ciki. Wasu kamfanoni kan rubuta adadin Ah na batir ɗin dalmar da litiyam ɗin zai maye gurbinsa, amma ainihin abin da yake riƙewa bai kai haka ba, wani lokaci ko rabi. Wannan na da muhimmanci ga wanda ya sa wa babur ɗinsa ƙararrawar ɓarawo ko na'urar bin diddigi, ko yake cajin waya injin na kashe, domin waɗannan na shan wuta dare da rana.

A gwada kafin a saya

Kafin a biya kuɗi, ya kamata mai gyaran wuta ya ɗora mita a kan bakunan batir, a tayar da injin, a ɗan murɗa totur. Idan mitar ta tsaya tsakanin bolt 13.5 da 14.5, caji lafiya lau yake, kuma kowane nau'i zai zauna. Idan ta doshi 15 ko ta wuce, rektifaya ce ta lalace, kuma za ta dafa duk batir ɗin da aka saka, litiyam ma ya fi saurin halaka. Idan ba ta kai 13 ba, babur ɗin ba ya caji, kuma sabon batir zai bi sahun tsohon. Sau da yawa laifin da ake ɗora wa batir na rektifaya ne ko na wayar da ta saki.

Wa ya dace da wanne?

Ga ɗan acaba mai Bajaj Boxer, TVS ko Jincheng, wanda injinsa ke aiki tun safe har dare, AGM ya fi dacewa. Batir ɗinsa na samun caji kullum, ragin kilo ɗaya ko biyu ba zai sauya komai ba ga babur ɗin da ke ɗaukar fasinja da buhu, kuma idan ya mutu ana samun madadinsa a kowace kasuwa. Litiyam ya fi cancanta ga babur mai babban inji da caji mai kyau, wanda mai shi zai iya sayen cajar da aka ƙera dominsa. Cajar batir ɗin mota, musamman mai tura wuta da ƙarfi don farfaɗo da mataccen batir, na iya lalata shi.

Zafi kuwa abokin gaba ne ga dukansu. Ƙa'idar da masana suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 na rage rabin rayuwar batir ɗin dalma. A Sakkwato, Maiduguri da Kano, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ajiye babur a inuwa na tsawaita kwanan batir.

Wajen saye, a daidaita lambar batir da girmansa da ɓangaren da bakunansa suke da na tsohon, a duba ranar ƙira, a kuma karɓi rasit da garanti. AGM da ke zuwa da gorar asid daban, sau ɗaya ake zuba masa, a bar shi ya tsotse na aƙalla rabin sa'a, a yi masa caji, sannan kada a sake buɗe shi.

Tsohon batir kuma ba na juji ba ne, ba kuma na fasawa a gida ba. Dalma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara, litiyam da aka huda kuwa na iya kamawa da wuta. Hanya mafi aminci ita ce a miƙa shi cif, ba tare da an zubar da ruwansa ba, ga dillali ko masu tattarawa da ke da rajista da hukumar kare muhalli ta NESREA.