Daga "Haddasana" Zuwa Lambar Shafi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Lokacin da nake rubuta kundin kammala digirina, malamin da ke duba aikin ya maido mini da babi na biyu ya sha jan biro. Na kawo maganar wani marubuci, na ambaci littafinsa da shekara da shafi, duk bisa tsarin APA. Sai ya tambaye ni: "Ka taɓa riƙe littafin nan a hannunka?" Na yi shiru, domin a wata maƙala na tsinci maganar na kwafo ta da lambar shafinta. A ranar na ji haushinsa. Daga baya ne na gane cewa malamanmu sun raɗa wa wannan laifi suna tun fiye da shekara dubu da suka wuce.

Imam Muslim, wanda ya rasu a shekara ta 261 bayan Hijira, ya ruwaito a gabatarwar Sahihinsa daga Ibn Sirin (ya rasu 110) cewa da farko ba a tambayar mutum inda ya samo hadisi, sai da fitina ta auku tsakanin Musulmi aka fara neman kowa ya ambaci mutanensa. Daga nan isnadi ya zama sharaɗi. Abin da ya fi burge ni shi ne ba sunaye kaɗai suka kula da su ba, har da hanyar da magana ta iso. Imam Muslim yakan bambanta "haddasana", idan an ji daga bakin malami, da "akhbarana", idan ɗalibi ne ya karanta malami yana saurare. Ibn Salah (ya rasu 643) ya lissafa hanyoyin karɓar ilimi guda 8, ta ƙarshensu ita ce wijada: ka tsinci rubutun wani ba tare da ka ji daga gare shi ba. Sai ka ce "na samu a rubutun wane", ba ka da ikon cewa ya gaya maka. Wanda kuwa ya yi amfani da lafazi mai harshen damo don a zaci ya ji abin da bai ji ba, wannan shi ne tadlisi. Abin da na yi a kundina ɗan uwansa ne na jini.

A nan ƙasarmu ma haka aka gada. Duk wanda ya karanta littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zai ga yana ambaton malami da littafinsa kafin ya kawo magana, sannan ya rufe da "intaha", wato a nan maganar wancan ta ƙare. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu kuwa littafi guda ya yi, Ida'un Nusukh, yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu.

Lambar shafi baƙuwa ce, injin ɗab'i ya kawo ta. A zamanin rubutun hannu kowane kwafi da nasa tsarin shafuka, shi ya sa magabata ke ambaton kitabi da babi. Littafin ƙa'idojin Chicago ya fito a 1906, tsarin APA kuma ya faro ne da 'yar gajeriyar maƙala a 1929. Lambobin hadisai ma na baya-bayan nan ne: ƙidayar Muhammad Fu'ad Abdul Baƙi, malamin Masar na ƙarni na 20, ita ta kai Bukhari hadisi 7,563, wasu bugun kuma ƙidayarsu daban ce. Don haka idan ka ga saƙo a WhatsApp an rubuta "Bukhari" da lamba kawai, kana iya buɗe naka ka tarar da wani hadisi dabam.

Ni dai tun daga ranar nan nakan rubuta kitabi da babi da lamba da bugu. In kuwa ban ga asalin littafi ba, sai in rubuta cewa a wurin wane na gani yana naƙaltowa.