Tafkin Kalmalo da layin da ya raba kwarin Majiya

Tun kafin a zana ƙasar Kalmalo a takarda, manomanta sun iya karatunta. Jigawa ta gero ce, fadama ta albasa da alkama, fako kuwa ba a ɓata iri a kansa. Burtali ya ratsa gonaki har mashaya, ba mai sa masa fartanya. Ina ganin wannan tsarin ƙasa ne cikakke, domin ya auna abu huɗu tare: irin ƙasa, gangaren ruwa, hanyar dabbobi, da inda tafki ke janyewa da rani.

Turawa suka zo da nasu awon. A 1898 Ingila da Faransa suka shata layin iyaka mai siffar baka, mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Faransa ta koka cewa ba ta da hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, aka sake layin a 1904 da 1906, sannan jami'ansu Tilho da O'Shee suka bi shi suna kafa alamun iyaka. Birnin Ƙwanni ya faɗa hannun Faransa, Kalmalo hannun Ingila. Ayarin soja aka duba, ba a dubi Majiya ba, wadda ke gangarowa daga duwatsun Adar ta zuba a tafkin.

Bayan farin shekarun 1970, Nijar ta tare Majiya da madatsun Mozage da Zango don noman rani a Ƙwanni. Mutanen Nijar ma yunwa suke gudu, ban ga laifinsu ba. Sai dai ruwan da ke isowa Kalmalo ya ragu, masunta da masu lambu suka ji a jikinsu.

Auna abubuwa tare irin na manoman Kalmalo, masana ma sun zo kansa. A 1969 Ian McHarg, masanin tsara ƙasa a Amurka, ya yaɗa dabarar ɗora taswira kan taswira, ta ruwa, ta ƙasa, ta tsirrai, kafin a yanke shawarar gini. Yau kwamfuta da hotunan tauraron ɗan Adam ke wannan aiki. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ma ta ɗauki kwarin Majiya a matsayin ruwa ɗaya na Nijar da Najeriya.

Don haka duk mai son farfaɗo da tafkin nan, roƙona kada taswirarsa ta tsaya a Illela, bakin iyaka. Ya faro daga Adar, kuma ya zauna da dattawan Kalmalo su nuna masa burtali da tsohuwar gaɓar ruwa tun suna raye.