Wasiƙa Daga Jidda: Tarihin Ɗan Kwalbar Da Na Aiko Wa Hajiya

 

Labari ya iso mini cewa da tsarabata ta isa gida, Yaya ta ɗaga kwalbar turaren Hajiya ta ce wai shekara biyu ina Saudiyya amma abin da na iya aikowa bai kai ɗan yatsa ba. To Yaya, ki yi haƙuri ki ji tarihinsa tukuna.

Man wardi ne na Ɗa'ifa, garin da ke kan duwatsu gabas da Makka, inda sanyi ya sa furen ke yin kyau. Sau ɗaya yake fure a shekara, wajen watan Maris zuwa Afrilu, kuma da asuba ake tsinkarsa, domin rana na ɗagawa ƙamshin yake raguwa. Na je Shafa na gani da idona: a zuba furen a tukunyar tagulla da ruwa, a rufe, a hura wuta. Tururin ya bi ta bututu ya huce ya zama ruwa, sai man ya taso a sama a kwashe. Fure dubbai ne ke ba da tola ɗaya, wato giram 12 ba kaɗan.

Wannan sana'a ta daɗe. Al-Kindi, malamin Bagadaza da ya rasu wajen shekarar 873, ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatso shi, mai ɗauke da haɗi sama da 100. Mutanen Ɗa'ifa kuwa, a da a kan raƙuma suke kai furen Makka a tatse, kafin daga baya a kafa tukwanen kusa da gonakin. Har yau ana haɗa ruwan wardin da na Zamzam wajen wanke cikin Ka'aba, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin abubuwan gado na duniya.

Ni dai da na ɗiga a hannu, da farko wani ƙamshi mai kaifi na ji kamar ɓawon lemun tsami da ɗanyar ciyawa. Can sai ya kwanta ya koma kamar zuma, da ɗan yaji-yajin kanumfari a ƙarshe. A nan ne hawaye ya zo mini, domin kuwa ƙamshin rigar marigayi Baba ce ranar da ya dawo daga aikin Hajji. Shi ya sa na saya, ban ko yi ciniki ba.

Don Allah Hajiya kada a ajiye shi a ƙasan akwati sai Sallah. Ɗigo ɗaya ya isa ranar Juma'a. In kin shafa, ki gaya mini ko ke ma kin ji abin da na ji.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sada mu da alheri. Wassalam.