Banjo da garaya: karkarwar tsirkiya, aibi ne ko ado?

Jama'a, a kwanakin nan muna ganin yaranmu na zango suna cire ɗan ƙarfe mai zobba da ke kan wuyan garaya, wai yana ɓata sauti. Kafin mu yarda da wannan hukunci, ya kamata mu ji tarihin wata 'yar'uwar garaya da ta ƙetare teku.

Bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma su suka ƙera banjo a tsibiran Karebiyan. Bature Hans Sloane, wanda ya isa Jamaika a 1687, ya buga hoton irinta a littafinsa na 1707: ƙwarya da aka rufe da fata, da wuya na itace. Thomas Jefferson ma ya rubuta cewa baƙar fata ne suka zo da ita daga Afirka. Danginta na nan har yau, akontin na Jola a Senegal da Gambiya, da molo da gurmi namu.

Daga shekarun 1840, maƙera irin su William Boucher na Baltimore suka maye gurbin ƙwaryar da kewayen katako, suka ɗaure fatar da ƙarfe. Daga baya aka jera sandunan ƙarfe a wuyan. Sai kunnen Amurka ya koma son amo garau. Yau idan tsirkiyar banjo ta yi karkarwa, makaɗi yakan fara duba fatar, domin in ta saki, jakin da ke ɗauke da tsirkiyoyi yakan nutse, su riƙa gogar ƙarafan wuyan. In fatar lafiya take, sai ya duba ko wuyan ya lanƙwashe, ko wani ƙugiya ya kwance.

Sakin fata mu ma mun san shi, shi ya sa makaɗanmu ke gasa ta a rana ko a bakin wuta da damina. Wannan gyara ne. Amma kacau-kacau ɗin zobban garaya da gangan kakanninmu suka sa shi, don amo ya yi kauri, ya ratsa taron maharba a fili.

Saboda haka muna roƙon matasanmu, kafin ku cire komai, ku kai garayar wurin tsohon makaɗi ya saurara tukuna. Allah ya sa mu gane.